Taki a Gonar Aro

Yekuwa, watan Janairu

Zuwa ga taubashina Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a duk ruwan da wannan takarda ta same ka. Ni dai na daina tambayar sunan garin da kake, in ka faɗa ma ba ganewa nake yi ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Baffanka Manzo gwiwa ce ke damunsa, amma bakin nan nasa lafiyarsa ƙalau. Yalwa ƴata ta haihu a Mallawa, namiji, an yi wa mahaifinta Idrisa takwara, Allah ya jiƙansa. Na je suna na dawo.

Kamar kullum, Yunusa mai cajin salula zai ɗauki hoton takardar ran kasuwar Magarya ya tura maka, don nan garin rezo, layin salular nan, sai ya ga dama yake kamawa. Ya sake ce mini in yi magana da baki kawai ya fi sauƙi. Na ce a'a. Muryata a salular wani, kafin ta kai teku duk rumfa ta ji. Rubutuna kuwa ko malamin da ya koya mana a ajin yaƙi da jahilci da ƙyar yake karantawa, kai kaɗai Allah ya ɗora wa wannan wahala.

Damin gero na shaidar aro na kai rumbun Baffa Manzo a gaban mutane, yadda nake yi tun shekarar da Idrisa ya rasu ka ba ni aron gonar mahaifinka. Sai dai damin bana na ji shi a jikina, don abin da gonar ta bayar bai kai rabin na da ba. Ƙasar ta gaji, Abdulhadi. Ta yi fari, in ka damƙa sai ta zube ta tsakanin yatsu. Ƙuduji ya cinye gefen gabas, jan furensa ya fi zangarniya yawa.

Ka san dokar garin nan, in ruwan gishiri bai wanke maka ita ba. Mai aro ba ya zuba taki kuma ba ya dasa itace sai da yawun mai gona, domin wanda ya zuba taki ba a karɓe gona daga hannunsa sai ya ci takinsa damina uku. Shi ya sa duk shekarun nan ina nomawa ina kwasa, ban taɓa mayar mata da komi ba. Yanzu ta fara rama wa kanta.

Akwai Bafillacen da ke sauka kusa da rijiyar gabas duk rani. Na yi magana da shi, ya yarda ya riƙa kwantar da shanunsa a gonar in ina ba shi gero. Ni ma na tara takin awakina a bayan ɗaki. Izininka kawai nake jira. Da zarar hadari ya fara haɗuwa mutumin zai yi arewa da dabbobinsa.

Ba na son in ɗaga maka hankali, amma gara in faɗa. In damina mai zuwa ma haka ta yi, ba ni da abin da zai kai ni rani. Sai in tattara in koma gidan mijin Yalwa, in zauna ina cin tuwon suruki. Kai ma ka san abin da hakan yake ga mace kamata.

Ka ci abinci. A hoton da ka turo bara wuyanka kamar na zakaran da ya sha ciwo.

Taubashiyarka,
Lubabatu

*

Singafo, watan Fabrairu

Zuwa ga Lubabatu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin labarin haihuwa, Allah ya raya takwaran Idrisa. Ki gai da Baffa, ki ce ya rage tafiyar ƙafa. Ni lafiya nake. Wuyana kuwa yana nan yadda kika san shi, idonki ne ya fara tsufa.

Ina da labari. An ɗauke ni daga tsohon jirgi an kawo ni wani sabo dal, muna nan ana koya mana aikinsa. Duk jiragen da na yi aiki cikinsu tun ina Kwatano baƙin mai suke sha, mai kauri kamar kwalta, in ya taɓa farce sai ya yi sati. Hayaƙinsa yana cikin abubuwan da ke hawa sama su riƙe zafin rana, kuma masana sun ce wannan zafin ne ke rikita damina, har irin tamu. Jiragen ruwa kuwa suna da yawa, su ke ɗauke da kusan duk kayan duniya. To wannan sabon ba baƙin mai zai sha ba. Wani abu ne ake kira amoniyak. Babu sinadarin gawayi a cikinsa, saboda haka in ya ƙone ba ya fitar da wancan hayaƙin.

Ba abu ne mai sauƙi ba. Ba ya son kama wuta, sai an tsarga masa gazuwal kaɗan, man manyan motoci. Yana cin wuri, tankunansa manya ne, kuma sai an riƙe shi da sanyi mai tsanani in ana so ya zauna ruwa. In inji bai ƙona shi daidai ba, yana fitar da wata iska da ita ma ke ɗumama duniya. Shef ɗinmu, wato shugaban ɗakin inji, wani dattijo mai faɗin gaskiya, ya ce in da gas aka haɗa amoniyak ɗin to an ɗauke hayaƙi ne daga jirgi an kai masana'anta, sai wanda aka yi da wutar rana ko ta iska ne ke da amfani na gaske. Sannan guba ne. Yana ƙone ido da huhu. Kullum da takunkumi a kugu muke yawo, kuma an maimaita mana har mun gaji: in ka ji warinsa ka riƙe numfashi, ka rufe fuska, ka bar wurin.

Abin da zai ba ki dariya, da wannan amoniyak ake yin angire, takin zamanin da ake sayarwa a buhu. Jiya na tsaya kan tanki na ce a raina, abin da ke ƙarƙashin ƙafata zai ishi gonakin Magarya da Dungas gaba ɗaya.

Mu ashirin da wani abu ne a jirgin, ba wanda ya taɓa jin sunan Nijar sai ɗaya, shi ma Najeriya yake nufi. Mutanen kirki ne, muna ci tare, amma in suka yi dariya sai an fassara mini, kafin nan ta huce. Wani lokaci inji nake yi wa magana da Hausa don kada harshena ya yi tsatsa. Takardunki biyu na shekara, ta neman aro da rani da ta shaidar dami da kaka, su ne duk Hausar da ake yi mini. Nakan karanta su da ƙarfi in ji yadda take fita.

Maganar gona kuwa, ki ba ni lokaci in yi tunani. Damina uku ba kaɗan ba ce. Ina sa ran baɗi in Allah ya yarda zan sauka gaba ɗaya. Yaya za a yi in dawo in tarar ba ni da inda zan sa hauya? Ki ɗan ƙara haƙuri.

Naki,
Abdulhadi

*

Yekuwa, watan Maris

Abdulhadi,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, zafi ya fara shigowa. Jaririn Yalwa yana ta ƙiba aka ce. Ina fatan kai ma lafiya, kai da injinka mai jin Hausa.

Baɗi. Tun Yalwa ba ta fara ɗaura zane ba kake cewa baɗi, ga shi yau tana goyo. Na rubuto maka tambaya ɗaya, ka ba ni karatun tanki da gazuwal shafi guda, tambayata ka ba ta layi huɗu, a cikin huɗun ma babu i babu a'a.

Na kai labarinka rijiya, mata suka ce ƙarya nake yi. Bara mutanen Dogo-Dogo har ƙetare iyaka suka yi a kan babur suna neman buhun angire, da yawa suka dawo hannu biyu. Mu nan a tiya ake sayensa, a riƙa sa wa kowane gindin gero da yatsu uku kamar gishirin miya. Kai kuma kana tsaye a kan wanda zai ishi Magarya da Dungas, za ku cinna masa wuta don iska ta yi sanyi. Ka ce zai ba ni dariya. Bai ba ni ba. Ban ce masananku ƙarya suke yi ba, zafin muna jinsa, damina ma ta zama ba a gane kanta. In abin zai gyara, Allah ya taimake ku. Amma ka tambayar mini dattijon nan naku mai faɗin gaskiya, in jirage suka koma shan taki, gona me za ta sha?

Bari in gaya maka abin da ya faru. Da na ga amsarka ba ta da kai, na ce bari in kai takin awakina ko da kaɗan ne, wa zai ƙirga kashin akuya? Na ari amalanke na loda. Ban kai bakin gari ba sai ga Baffa Manzo zaune gindin bedi da sandarsa.

Ya ce, "Ina zuwa haka, Lubabatu?"

Na ce, "Gona, Baffa."

Ya ce, "Da yawun wa?"

Na ce, "Haba Baffa, na awaki ne fa, ɗan wannan."

Ya ce, "Ko na kaza ne, sai mai gona ya ce. Amana ce a hannuna. Yaron nan ba uwa ba uba, ɗakin ubansa ya rushe, ko tukunya ba shi da ita a garin nan. Gonar nan kaɗai ke cewa shi ɗan Yekuwa ne. In na bari kika zuba ba da saninsa ba, me zan ce wa yayana gobe ƙiyama? Juya jakin, ƴata."

Na juya. Mutane suna kallo na dawo da taki gida na sauke inda na ɗebo shi. Ban ji haushin tsohon ba, gaskiyarsa ce. Haushinka na ji.

Bafillacen ya aiko yana tambaya, don wani mai gona a Yekuwa ta yamma yana nemansa. Na ce ya ƙara mini kwanaki. In ba ka da niyyar dawowa ka faɗa, a san abin da za a yi. In kana da ita ma ka faɗa. Kalma ɗaya ce, ka rubuta ta yadda za a karanta wa Baffa.

Lubabatu

*

Singafo, watan Afrilu

Lubabatu,

Na gaishe ki, na gai da Baffa da su Yalwa. Lafiyata lau.

Na yi wa shef tambayarki. Ya ce bai sani ba. Wai in aka gina sababbin masana'antu da yawa wataƙila taki ya yi araha, in kuwa jirage suka rigayi manoma zuwa kasuwa zai yi tsada. Ya ce a duk tarukan da ya je ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Na ce masa ai ba a taɓa gayyatar taubashiyata ba.

An zuba mana amoniyak na farko a makon jiya. Wajen cire bututu ɗan wari ya fito, kaɗan ne, bai kai na haɗari ba. Kowa ya yamutsa fuska. Ni kuwa sai na ji turken awakin Inna da safe, in an kwana ana ruwa, kafin ta share. Shi ne sak, Lubabatu. Ban gaya wa kowa ba, wa zai gane?

Yanzu ga abin da ya tsaya mini. Kin ce in ba ni da niyyar dawowa in faɗa, a san abin da za a yi. Su wa za su sani? Ke da wa kuka zauna? Na karanta layin nan har na haddace shi. Ban mutu ba tukuna, ba a kai ga rabon gado ba. Na ba ki gonar nan ranar da ba wanda ya ba ki, ban taɓa tambayar me kika samu ba. Ashe Baffa ne kaɗai ya rage da ke ganin ina da gari.

Ba na son in yanke magana da wannan zuciyar. Jibi za mu tashi tafiyar gwaji. In mun isa tasha ta gaba zan ba ki amsa, i ko a'a, na yi alkawari.

Abdulhadi

*

Yekuwa, ƙarshen watan Mayu

Abdulhadi,

Gaisuwa. Muna nan. Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru.

Kasuwar Magarya ta ci ta sake ci, kullum Yunusa ya dawo sai ya girgiza mini kai tun daga nesa. Yanzu har kunyar tsayawa bakin hanya nake ji.

Ba wanda na zauna da shi. Ni da wa zan zauna? Da na ce a san abin da za a yi, kaina nake nufi, in san ko zama zan yi ko tafiya. Gadonka ba na so, ka riƙe abinka har Allah ya dawo da kai. Kuma ban manta da wanda ya ba ni gona ranar da dangin Idrisa suka karɓe tasu ba. In bakina ya yi kaifi ka yi haƙuri, tsakanina da kai ai ba yau aka fara ba. Ban san za ka ɗauke shi har cikin rai ba.

Bafillacen ya gaji da jira ya kai shanunsa gonar wancan mutumin, yanzu ma ya yi arewa. Hadari yana haɗuwa ta gabas kowace la'asar. Mutane sun fitar da iri. Saura takin awakina, shi ma in ba a kai shi kafin shuka ba, bana ba zai yi wani abu ba.

Ka yi alkawari. In ruwan shuka ya sauka ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka a'a ce kake jin nauyin faɗa. Ba zan yi fushi ba. Amma ba zan sake binne irina a ƙasar da na san ba za ta mayar mini ba.

Lubabatu

*

Gidan likita, watan Yuli

Zuwa ga Lubabatu,

Assalamu alaikum. Kada ki tsorata da inda na rubuta a sama, da sauƙi yanzu. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, idona na hagu ne kawai ke aiki sosai. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baffa da su Yalwa. Jiya aka kawo mini jakata daga jirgi, salulata na ciki, na ga takardarki ta watan Mayu.

Ba fushi ba ne ya sa ni shiru. Kwana kaɗan da tashinmu, da safe ina zagayen duba bututu, wani mahaɗi ya fara yoyo. Ƙararrawa ta yi aikinta, ta kaɗa nan take. Takunkumina yana kuguna. Na san abin da ake yi, an sa mun gwada har ba iyaka. Amma warin ya riga ƙararrawar isowa gare ni, kuma ni ba guba na ji ba. Gida na ji. Sai ga ni a bayan ɗakin Inna, ƙasa jiƙe, awaki suna kuka a kwance su. Na tsaya. Ba tsayawa kaɗai ba, na ja numfashi, yadda mutum ke yi in ya sauka daga mota a tashar garinsu.

Abin da na sani bayan nan, wani abokin aikina yana jana a ƙasa, sun tura kaina ƙarƙashin famfo, maƙogwarona kamar na haɗiyi garwashi. Suka sauke ni a tasha mafi kusa, jirgi ya wuce da kayana. Na yi makonni ido a ɗaure, murya ba ta fita. Da ta fara fita, mai jinyata ta ce in faɗi saƙo ta rubuta wa dangina. Da wane harshe? Lambar Yunusa ma tana cikin salula. Na kwanta ina jin kwanaki suna wucewa, na san ana shuka a Yekuwa.

Mutanen kamfani sun zo da tambayoyinsu. Sun duba komi sun ga na samu lokacin da zan rufe fuska in fita. Suka ce me ya tsayar da ni? Na ce ban sani ba. Yaya zan yi wa Bature bayanin turken awaki? Ban ga laifin jirgin ba, kuma har yanzu ina ganin in an bi abin nan da hankali zai yi wa duniya amfani. Sai dai an gina shi ne don mutanen da in suka ji warin nan gudu suke yi. Likita ya ce huhun zai warke, idon dama sai abin da Allah ya yi. Ko za su mayar da ni ɗakin inji, ba wanda ya faɗa mini.

Na karanta bayaninki. Ni ne na karanta abin da ba ki rubuta ba. Ki yafe.

Ga amsar, a karanta wa Baffa Manzo: Baffa, ni Abdulhadi ɗan yayanka, da hankalina, na ba Lubabatu izini ta zuba taki a gonar mahaifina, na dabba da na buhu, ta dasa abin da take so. Damina uku, ko fiye in ta ga dama.

Shi ke nan, Lubabatu. Yanzu ba sai kin riƙa neman sabon aro duk rani ba, damin ma ki bar shi, ba sai kin aiko da shaida ba. Kin huta da biro. Allah ya sa ban makara ba.

Naki,
Abdulhadi

*

Mallawa, watan Agusta

Zuwa ga taubashina Abdulhadi,

Wa alaikumus salam. Sannu. Sannu, Abdulhadi. Allah ya ba ka lafiya, ya mayar maka da idonka. Yunusa da kansa ya hau babur ya kawo mini takardar a salularsa har nan, don ya ga ta fi ƙarfin a jira ranar kasuwa. Na karanta a zaure, na shiga bayan gida na yi kukana inda ba mai gani. Mutum ya yi shekaru yana yawo a teku bai nitse ba, sai warin akuya ne zai kayar da shi. In ka warke akwai tsiyar da zan yi maka, na ajiye ta.

Ka ga inda na rubuta a sama. Ka makara.

Ruwan shuka ya sauka farkon Yuni. Na ƙara kwana biyu ina duban hanya, sannan na je gaban mai gari da Baffa Manzo na ce na mayar da gonar Abdulhadi lafiya, yadda aka ba ni. Baffa ya ce in ƙara haƙuri. Na ce haƙurin ne ya ƙare, Baffa, ba ni ba. Na sayar da awakin, na ba maƙwabciyata irin, na hau amalanke da tabarmata da tukwane. Mijin Yalwa mutumin kirki ne, ya gyara mini ɗaki kusa da na ƴata, bai taɓa nuna mini komi ba. Amma in na ji tarinsa a zaure sai in ja mayafi in shige, in kuma aka kawo mini tuwo sai in ji kamar kowa na ƙirga lomata. Rainon jariri nake yi. Hannuna ya fara laushi.

Yunusa ya ce ya karanta wa Baffa saƙonka. Washegari tsohon ya sa aka kwashe tulin takin da na bari a bayan ɗaki aka kai gonar aka baza, ya ce mai gona ya yi magana. Ba wanda ya shuka ta bana, gwiwarsa ba ta bari. Ciyawa ce ke cin takin, wai ta yi kore shar har masu wucewa suna tsayawa.

Za ka ce in koma baɗi. Da wane iri, da waɗanne awaki? Kuma abin da aka mayar a gaban mutane ba a zuwa a ce a sake. Gonarka tana nan tana jiranka, ta ma fi yadda na bar ta. In ba su mayar da kai ɗakin inji ba, kana da inda za ka sa hauya.

Saura magana ɗaya. Ka ce na huta da biro. Na daɗe ina kallon wannan layin. Ashe abin da ke ranka ke nan tun watan Janairu. Ba hauya kake tunani ba, kai da rabonka da riƙe ta tun kana saurayi. Tsoro kake in na zuba taki, damina uku ba ni da dalilin rubuto maka. Ka bar ƙasa ta mutu, ka bar ni na ƙare a gidan suruki, don kada takarda biyu a shekara su yanke. Da ka tambaye ni, Abdulhadi. Da sau ɗaya ka tambaya, da na gaya maka neman aro layi biyu ne, Baffa ma zai iya aiko maka da shi. Sauran shafin duk da kake gani, wa ya sa ni?

Na yi fushi da kai, kuma ban gama ba. Amma ga shi yau ba ni da gonarka, ba ni da dami, ba abin da nake roƙo. Biron ma a wurin surukina na aika aka aro, mutumin da ko ido ba ma haɗawa. Na zauna na cika takarda ciki da baya.

Nan akwai rezo, Yalwa tana da salula, ga lambarta a ƙasa. Ba sai an jira kasuwa ba. Ka rubuto ka gaya mini yadda idon yake, da abin da suke ba ka kana ci. A gidan nan kowa girmama ni yake yi, tun da na zo ba wanda ya ce mini na tsufa.

Taubashiyarka,
Lubabatu